Wayar da Take Haɗiye Saƙo

Mai Zarto ya ciro wayar daga aljihu, ya goge fuskarta da tafin hannu, ya tura ta ƙarƙashin gilashin kantar asibitin. Ya ce wa matar da ke rajista ta duba da idonta, tunda ba ta yarda da bakinsa ba.

Matar ko taɓa wayar ba ta yi ba. Ta juyo masa da kwamfutarta, ta ɗora biro a kan wani layi. Ta ce ga shi nan, an aika wa lambarsa saƙo ranar Talatar da ta wuce da ƙarfe goma da kwata, an kuma aika wani wata guda kafin nan. Duka biyun sun shiga, duka biyun ba amsa.

"Malama, ni ban ga komai ba."

"To ni na gani, Malam."

Maganar a kan idon Inna ce, mahaifiyarsa. Yanar ido ce ta rufe mata duka biyun, har ta kai sai da murya take gane jikokinta. Makon jiya ta laluba tana neman kofi, ta tsoma hannu a ruwan zafi. Likitocin da ke cire yanar ba kullum suke zuwa ba, layi kuwa ya yi tsawo. Wata goma sha huɗu ke nan da sa sunanta. In gurbi ya samu, na'ura ce take tura saƙon tes, kai kuma ka mayar da lamba ɗaya kafin awa biyu. In ba ka mayar ba, ta wuce kan na bayanka.

Matar ta ce wanda ya rasa sau uku, na'urar da kanta take cire sunansa, sai ya dawo ya fara daga tushe. Ta ce likitocin suna nan wannan makon, don haka saƙo na uku yana iya zuwa yau, yana iya zuwa gobe.

Ya ce to ga shi a gabanta da ƙafarsa, ta rubuta ya amsa. Ta ce ba a amsa saƙon da bai zo ba. Ya ce ta kira shi in lokacin ya yi, shi kira yana shigo masa lafiya lau. Ta nuna masa mutanen da ke bayansa har bakin ƙofa, ta tambaye shi wanne daga ciki za ta bari ta koma kiran waya. Sai ta sassauta murya, ta ce in akwai wani a gida mai waya mai lafiya, ya cika takarda a canza lamba, amma sai bayan kwana uku canjin yake kamawa.

Kwana uku, likitocin sun tafi. Ko da ma a minti uku yake kamawa, Mai Zarto ya san lambar wa za a sa. Ranar da suka kawo Inna rajista, ƙanwarsa Auta ta buɗe baki za ta faɗi tata, ya tare ta a gaban jama'a. Ya ce muddin yana numfashi, shi ne babba, lambarsa za a rubuta.

Yana fita bakin titi kuwa sai ga kiran Autar. Ta tambaye shi me suka ce. Ya ce ana kan magana. Ta ce, "Yaya, ba magana Inna take bukata ba, ido take bukata." Ya ce mota ta zo, ya kashe. Babu wata mota da ta zo. Sai da ya yi minti ashirin a rana kafin bas ta tsaya.

A cikin bas ɗin ya riƙe aljihunsa kamar mai ciwon ƙirji. Shekara ashirin da biyu yana tura katako a bakin inji, kunnensa na hagu ya riga ya tafi, na daman ma sai an ɗaga murya. A wurin aiki ba ya jin kukan waya ko kaɗan. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne a gida, inda babu ƙara. Sai ya ji ta yi ƙit a aljihu, ya ciro, ya goge, ya duba, ba komai sai agogo da hoton ɗan autansa. Wayar tana kuka, tana haɗiye abin da ta yi wa kukan.

Shekaranjiya ya ɗora wa matarsa laifin. A gaban yara ya ce ita ce take latse-latse in ya shiga wanka, ta lalata masa saiti. Ta ce hannunta bai taɓa wayarsa ba. Ya ce to aljani ne. Tun daga nan take ajiye masa abinci ba tare da ta ce ga shi ba.

A kasuwar 'yan waya ya nufi shagon wani da ake kira Injiniya, mutum mai haƙorin azurfa da baki kamar rediyo. Tun kafin Mai Zarto ya gama bayani Injiniya ya karɓe wayar, ya ce irin wannan goma yake gyarawa kafin ya karya kumallo. Ya ce mai tattalin batir ne yake kashe komai a ɓoye, ya kashe shi. Ya ce akwai wata manhaja ta shara da take share abin da ba a sa ta ba, ya cire ta. Ya shiga nan, ya fita can, yana kunna wasu 'yan maɓallai suna komawa kore. Sannan ya kwantar da wayar a kan tebur, ya turo saƙo daga tasa. Ta yi ƙit, fuskarta ta haska, ga saƙo zaune a tsakiya kamar an ɗora shi da hannu.

"Ka gani, Baba? Ta warke. In ta sake yi, ka zo ka cire min haƙorin nan."

Mai Zarto ya sallame shi, ya jefa wayar a aljihu. Bai kai bakin ƙofar kasuwar ba ya ji ƙit. Ya ciro, ya goge, ya duba. Agogo da hoton yaro.

Da sauri ya koma, yana ture mutane da kafaɗa. Ya ce wa Injiniya ya buɗe baki, ya zo karɓar haƙori. Ya ce in saƙon asibiti ne wannan da ya ɓace, yau kasuwar nan ba za ta ɗauke su su biyu ba. Injiniya ya buɗe akwatin saƙonni, ya nuna masa. Talla ce ta kamfanin layi, wai ya sayi waƙar kira. A ƙarƙashinta akwai irinta fiye da ɗari huɗu, ba wanda aka taɓa buɗewa. Can a tsakiyarsu ga na asibitin guda biyu, a kwance kamar gawa.

Mai Zarto ya tsaya yana kallonsu. Aji uku ya yi ya bar makaranta. Lamba ba ta ba shi wahala, yana iya gaya maka inci nawa ne a katako daga nesa. Amma haruffa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da leɓe, shi ya sa bai taɓa shiga wannan akwatin ba. Abin da ya fito a fuskar waya, shi yake dubawa. Kuma ba zai yiwu ya ajiye inji duk minti goma ya zauna tonon talla ba.

Injiniya ya ce to lallai ciwon a ciki yake, sai an wanke ƙwaƙwalwar wayar gaba ɗaya, ya bar ta ya dawo gobe da yamma. Mai Zarto ya ce gobe da yamma uwarsa ta koma bayan mutum dubu. Ya fizge wayarsa ya fita. Injiniya ya bi shi da cewa ai shi ma ba ya son aikin gaggawa.

Ya je ofishin kamfanin layi, ya ja lamba, ya zauna a sanyin na'ura yana kallon agogon bango har kusan awa guda. Wanda ya duba masa ya ce layinsa ƙalau yake, saƙo yana shiga, matsalar daga waya ce. Ya ce masu waya sun ce lafiyarta lau. Mutumin ya yi murmushi irin na aiki, ya kira lamba ta gaba.

Rana ta take lokacin da ya koma kasuwar. Ƙafarsa ta gaji, wuyansa ya bushe. A ƙarshen layi ya ga wani ɗan shago mai benci da fanka, kuma gaskiya bencin ya ja shi, ba shagon ba. Wata mata ce a ciki, za ta kai shekarunsa, da tabarau a ƙarshen hanci, tana ɗinke wata 'yar waya da ƙarfe mai zafi. Ba ta ɗago ba sai da ta gama.

Ya ce ina mai shagon. Ta ce yana kallonta.

Bai so ba, amma ya riga ya zauna. Ya faɗi damuwarsa a gajarce. Ita kuwa ba ta miƙo hannu ta karɓi wayar ba, sai tambaya. Wane aiki yake yi. A wane aljihu yake sa ta. Tun yaushe ya saye ta. Ya ce wata biyar, da can mai maɓalli yake riƙewa, yara suka dame shi ya canza. Ta ce in an ajiye ta a tebur fa, saƙon yana fitowa? Ya ce yana fitowa, ai munafuka ce, a gaban masu gyara ba ta yi.

"Hajiya, in gyara za ki yi, ki yi. In tambaya ce, na sha ta a asibiti."

Ta ce ya faɗi lambarsa, ya mayar da wayar aljihu, ya yi yadda ya saba. Ya yi tsaki, amma ya mayar. Ta danna tata. Ƙit. Ya ciro, ya goge, ya miƙa mata a gaban hanci.

"Ga ta nan. Ina saƙon?"

Ta zare tabaran, ta goge shi da gefen mayafi, ta mayar. Ta ce a sake. Aka sake, abu ɗaya. Ya fara miƙewa, yana cewa dama ya san ɓata lokaci ne. Ta ce saura ɗaya, amma wannan karon in ya ciro, ya riƙe ta ta gefe da gefe, ya ɗora hannun damansa a kan gwiwa, kada ya ɗaga.

Ƙit. Ya ciro da hagu. Hannun daman ya taso da kansa. Matar ta buga tebur da gindin sukundireba.

"Malam, na ce a gwiwa."

Ya mayar da hannun. Ya dubi wayar. Ga saƙon nan a tsakiyar gilashi, fari tas, a ƙarƙashin 'yar ƙurar katakon da ba ta rabuwa da aljihunsa.

"Yanzu goge. A hankali, kana kallo."

Ya ɗora gindin tafinsa a gefen hagu, ya ja zuwa dama, yadda yake share garin katako daga kan allo kafin ya ja layi. Saƙon ya bi tafin nasa sumul, ya fice ta gefe. Agogo da hoton yaro suka rage.

Fankar tana ta juyawa. A shagon kusa wani yana gwada lasifika. Mai Zarto ya juya tafinsa ya duba.

Da ya buɗe baki, faɗa ya fara. Ya ce shekara ashirin yana goge waya, ba wadda ta taɓa yi masa haka. Ta ce waccan gilashinta ba ya jin taɓi, wannan kuwa duk abin da ya shafe ta umarni ne a wurinta. Ya ce wane mara hankali ne zai ƙera abin da ba a gogewa, lallai wanda ya yi ta bai taɓa shiga inda ake aiki ba. Ta ce a nan kam ta yarda da shi, shi ne na huɗu a bana. Akwai mai niƙa, akwai birkila, akwai wata mai toye-toye. Duk masu hannun aiki ne, duk sai da suka zagi wani kafin su iso wurinta.



Ta karɓi wayar a ƙarshe. Ta ƙara mata girgiza har sai da ta yi tafiya a kan tebur kamar ƙwaro. Ta share tallace-tallacen nan duka, ta toshe masu turo su. Ta jawo akwatin saƙo ta ajiye shi a fuskar farko, shi kaɗai, babba. Ta nuna masa in saƙo ya fito, ya taɓa shi sau biyu da ɗan yatsa, kada ya ja. Ta sa ya gwada har sau biyar. Ta ce ya daina sa ta a wando, ya sa a aljihun ƙirji inda zai ji motsinta ko inji yana ihu.

Ya ce shi ke nan ta gyaru?

"Waya dama lafiyarta ƙalau. Hannun ne, shi kuma ba ni da kayan gyaransa. Sai dai ka mayar wa wadda ta haife shi."

Ya ce wadda ta haife shi ba ta gani, shi ya sa ake wannan wahalar. Matar ta daina murmushi. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, ya hanzarta.

Biyu ta wuce ya isa wurin aiki. Mai wurin ya tare shi da cewa ya ce awa ɗaya, ga shi ya cinye yini, ga katakon mutane a jibge. Mai Zarto ya ce ya ji. Ya sa rigar aiki, ya zura wayar a aljihun ƙirji, ya ɓalle maɓallin. A hanya ya ƙirga, sau uku ya ciro ta don duba lokaci, sau uku hannun ya goge kafin ya tuna. Ya san kansa. Ba a awa biyu ake raba mutum da abin da ya yi shekara ashirin yana yi ba.

A wurinsu, in katako yana da gefen da ba a so zarto ya taɓa, gicciye ake yi masa da fensir mai kauri. Ya zaro fensirin daga bayan kunne, ya jiƙa bakinsa da miyau, ya zana gicciye babba a gindin tafin damansa, ya bi shi sau uku har ya yi baƙi ƙirin. Dogo, abokin aikinsa da ke karɓar katako ta ɗaya gefen injin, ya leƙo ya tambaya ko hannun ne za a yanke yau. Ya ce masa ya ja katako ya rufe baki.

Suka yi ta yanka. Gari yana tashi yana sauka a gira da wuya. Duk katakon da ya tura, rabin hankalinsa yana ƙirji. Sau biyu ya ji kamar motsi, ya tsaya, ashe injin ne yake kaɗa masa ƙashi. Mai wurin ya fara harararsa daga ƙofar ofis.

Huɗu saura ashirin, yana tsakiyar wani katako mai ƙafa goma sha biyu, abin ya zo. Wannan karon ba shakka, kamar an sa masa ƙudan zuma a aljihu. Ba a sakin katako a tsakiyar zarto, in ka saki zai dawo maka a ciki ko ya tafi da yatsun Dogo. Ya ci gaba da turawa, ƙafa shida, ƙafa huɗu, ƙafa ɗaya. Dogo ya janye. Ya buga jan maɓalli, injin ya fara mutuwa.

Mai wurin ya fito yana tambayar wa ya kashe masa inji. Mai Zarto bai juya ba. Ya ɓalle aljihu da hagu, ya ciro wayar ta gefe da gefe. Gari ya rufe fuskarta, ba ka ganin komai sai haske a ƙasa. Hannun dama ya taso, ya buɗe, ya zo har kan gilashin. Ya ga gicciyen.

Ya mayar da hannun bayansa, ya kama bel ɗinsa da shi. Ya hura. Garin ya tashi ya shiga masa ido. Ya ƙifta, ya sake hurawa. Ga saƙo. Ya bi haruffan farko da leɓe har suka ba shi sunan asibitin.

Ya taɓa sau biyu da babban yatsa, ba ta ji ba, kantar da ke yatsan ta fi fatar takalmi tauri. Ya gwada manuni, shiru. Dogo ya matso zai karɓa, ya ce masa kada ya kuskura. Ya lanƙwasa ɗan ƙaramin yatsansa, wanda aiki bai cinye ba, ya taɓa, ya taɓa. Saƙon ya buɗe. Ya nemi lamba ɗaya, ita kam ya san ta, ya tura.

Ba a yi minti ɗaya ba wayar ta sake rawa a hannunsa. Ya karanta abin da ya iya: ranar jibi, ƙarfe bakwai, ɗaki na huɗu. Sauran ya miƙa wa mai wurin, ya ce ya karanta masa amma kada ya taɓa gilashin. Mai wurin ya karanta da hannu a baya kamar mai duba jariri. An ce ta zo da katinta da mai rakiya, kuma za a sake turo saƙo gobe don tabbatarwa, shi ma a amsa da ɗaya.

Ya kira Auta. Ya ce jibi, ƙarfe bakwai, ta zo da wuri. Ta yi hamdala, ta sake yi, sannan ta tambaya me ya samu wayar. Ya ce an gyara. Ta ce me aka gyara. Ya ce inji yana jiransa.

Rana ba ta faɗi ba ya shiga gida. Inna tana kan kujerarta a bakin ƙofar ɗaki, hannunta mai ƙuna a naɗe a cinya. Tun daga takunsa ta gane shi, ta ce yau ka dawo da nauyi ko da sauƙi? Ya durƙusa ya gaya mata. Ta ce to bari ta ga ko ya tsufa kamar yadda muryarsa ta tsufa.

Matarsa tana bakin famfo tana ɗauraye kwanuka. Ta ji komai, ba ta juyo ba. Ya je ya tsaya kusa da ita, ya naɗe hannun riga. Ta matsa masa, ta ajiye sabulu a bakin famfon ba tare da ta dube shi ba. Sai idonta ya faɗa kan gicciyen.

"Wannan fa?"

Ya dubi tafin kamar na wani ne. Ya ce, "Ba ke ba ce."

"Na sani."

Ta ɗauki sabulun ta sa masa a hannu. Ya tara hagu a ƙarƙashin ruwan, ya cuɗa yatsun da junansu, ya wanke har gwiwar hannu. Ta jira ya kawo ɗayan. Ya ɗaga shi sama, nesa da ruwan.

"Bar wannan tukuna," ya ce. "Akwai saƙon gobe."